Tela a Hanyar Maga

Shekara talatin ina taka keke
a rumfata ta kasuwar Marwa.
Ƙafa na gudu, ni ina zaune,
allura ce kaɗai ke cin tafiya.
Da an auna zaren da na ɗinke,
da ya je Makka ya dawo da saura.

Bayan salla, da aiki ya lafa,
na lulluɓe keken ɗinki da zane,
na ari na Njidda mai sirdi kamar dutse,
shi ya hau na ƙanensa marar birki.
Muka ɗaura tabarma, buta, famfo da gumba.
Dudu na dariya a bakin zaure:
"Tela, tafi da almakashinka,
in hanya ta yi maka tsawo ka rage."

Ranar farko gwiwa ta kai ƙarata.
Masakwa dama, masakwa hagu,
ƙasa ta dare kamar ƙafar manomi.
Muka shiga Bogo da kiran magariba,
na yi sujada, tashi ya gagara,
sai da wani dattijo ya kama ni.

Ranar biyu ƙaya ta sha mini taya
sau uku kafin Girbidik.
Njidda na tsaki, ni ko ina murna:
faci dai faci ne, ko a riga ko a roba.
Yara suka kewaye mu, kowa da shawara,
wata yarinya ta ba mu ruwan kwanonta
muka nemi hujin da kumfa.

Sai iska ta sauya.
Ƙarnin kifi ya riga ruwan isowa,
balbela ta yi fari a gonakin shinkafa.
Muka tura kekuna, muka hau datsi,
na tsaya.
Ban taɓa ganin yadi mai faɗin wannan ba,
shuɗi, ba gefe, ba wanda ya taɓa yanka shi.
Hannuna ya shiga aljihu neman ma'auni,
na ji kunya, na fito da shi wayam.

Mun kwana biyu wurin Azao masunci.
Ba ya jin Hausa, Fillancinsa guntu ne,
amma ya ga yatsuna ya gane.
Ya ajiye taru a cinyata,
mai ramin da dorina za ta bi ta wuce.
Na ɗinka har fitila ta gaji,
matarsa ta gasa karfasa huɗu,
ba wanda ya ambaci sefa.
Cikin dare dorinar ta yi gurnani kusa,
Njidda ya janyo kekensa ya rungume
kamar shi za ta fara ci.

A Pus hanya ta ƙare a Logon.
Tsallake Cadi ne, har wanki muke hangowa,
wata jar riga na bushewa a kan ciyawa,
hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo.
Daga wata ƙasa na ga kuskuren wani tela,
na yafe masa.
Gauraka biyu suka ƙetare ta kanmu,
ba mai tambayarsu takarda.

Dawowa iska ta bi bayanmu,
ko kuwa ƙafa ce ta koyi karatu.

Yau ga ni a rumfa, wuyan riga a gabana,
mai ita na jira, yana duba agogo.
Na taka, na taka,
sai na ji datsi a ƙarƙashin sawuna,
ruwa a hagu, shinkafa a dama,
na zarce har na ɗinke bakin aljihu.
Ya ce, "Malam, ina za ka?"
Na ɗauko reza ina farkewa,
na ce masa, "Maga. Yanzu zan dawo."