Rumbu Mai Numfashi

Ruwan farko ya sauka daren Laraba a Kanya Babba.
Da asuba ƙasa na ƙamshi, masu fiffike sun fito.
Na tsinci ɗaya a gindin turmi,
ta riga ta karya fukafukanta da kanta,
tana laluben inda za ta kafa gida.
Na ce mata, zo, ni ma na ajiye aiki.

Shekara talatin da ɗaya ina malamin gona
ina koya wa mutane yadda ake korar su:
toka a bakin rumbu, kananzir a ƙafar gado.
Yau ga ni da kwalbar alewa,
da jar ƙasa, da jiƙaƙƙiyar auduga,
ina kifa wa tururuwa tsohuwar hulata
don ta sami duhu.

Mudi jikana ne ya ja mini.
Ya nuna mini a wayarsa wasu na wata ƙasa mai nisa,
sun maƙale a rufin rami,
cikin kowace ya yi tim kamar nunanniyar magarya.
Zaƙi 'yan'uwanta suke ɗura mata,
in rani ya tsananta su zo su taɓa bakinta, ta mayar musu.
Ba ta fita. Ko tafiya ba ta iyawa.

Sati shida ba motsi.
Tsahare ta ce, ta mutu, ba ni kwalbata in zuba daddawa.
Sai ga ƙwai kamar tsakin gero,
sai ga 'ya'ya tara, fatsi-fatsi, suna tangaɗi.
Na tsoma ƙafafun teburi a gwangwanayen ruwa saboda kwarkwasa.
Na zuba zuma a murfin lemo, uku suka nutse,
na kwana ban ci tuwo ba.
Daga nan na koyi hankali:
ɗigo ɗaya a tsinken tsintsiya, a sirka da ruwa,
ganyen dawa mai darɓa,
ran kasuwa kuma cinyar fara.

A majalisa Ɗantala mahauci ya ce,
Malam Barau, kowa na turke rago,
kai da layya wace za ka kayar?
Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Kullum da hantsi ina ɗaga hula in leƙa
ko wata ta kumbura.
Babu. Sirara suke shiga, sirara suke fita.
Mudi ya ce, Kaka, ai ba irinsu ba ne.
Na sani, yaro.
Ba ita nake nema a kwalba ba.

Shekarar da fari ya cinye mana shanu
ina ɗan aji biyar.
Yaya Hansai, da shan inna ya riƙe wa ƙafafu,
tana zaune a ɗakin kudu tana kaɗi,
abawa ta zama kwabo, kwabo ya zama gero,
gero ya shige tulu a ƙarƙashin gadon kara.
Mu bakwai muke layi a bakin asabari,
kowa ya miƙa hannu, ta cika.
Kuɗin makarantata daga bakin zanenta ya fito.
Ba wanda ya taɓa tambayarta ko da nauyi.
Ran da muka ɗauke ta
makarar ba ta fi busasshiyar ƙwarya ba.

Damina ta uku ke nan.
Jiya na ga masu fiffike sun taru a wuyan kwalba
suna dukan murfi.
Hadari ya haɗo daga gabas.
Na fitar da su gindin turmi, na kwance, na koma gefe.
Tsahare na tsaye da tsintsiya a hannu,
ba ta share ba
sai da ta ƙarshe ta tashi.