Taga Ɗaya a Buɗe

A Ɗan Magaji, inda kamfani ya jibge tsakuwa,
akwai kwantena shuɗiya a kan tayoyi huɗu,
biyu sun sace, biyu sun gaji.
Nan muke kwana, ni da Ilu mutumin Giwa,
muna gadin katafila da buhunan siminti.

Ƙarfe ba shi da amana.
Da rana ya gasa ka kamar tsire,
da dare ya juya maka baya,
ɗari ya shigo ta tafin ƙafa
ya zauna a ƙugu kamar mai bin bashi.

Ran wata Laraba Ilu ya shigo da kasko,
garwashin ƙirya, ja wur kamar nunanniyar gauta.
Ya toshe taga da kwali,
ya cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa,
ya ce, "Yau sai barcin attajirai."
Muka yi dariya, muka miƙe ƙafa.

Babu hayaƙi. Nan gizo ke saƙa.
Da akwai hayaƙi, da mun yi tari, da mun tashi.
Baƙon da ya shigo ba shi da wari,
bai kuwa yi sallama ba.
Na farka ana daka sakwara a kaina,
na kira Ilu, harshe ya ƙi.
Na ja ciki zuwa ƙofa.
Taku uku ne,
amma sai na ji kamar na taka zuwa Funtuwa.

Tabawa mai koko ce ta gan mu da asuba,
ni rabi a waje,
Ilu a ciki yana numfashin ɗan tsako.
Ihunta ya tsayar da a-kori-kura.
A Shika suka sa masa roba a hanci,
sai da ya kwana biyu ya amsa sunansa.
Likitar, 'yar siririya mai tabarau,
ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi,
"Garwashi abokin cin iska ne, Baba.
In kun rufe ɗaki da shi, shi zai ƙoshi."

Yanzu wuta a waje take, can gefen tsakuwa.
Mu dafa shayi, mu ɗumama hannu,
in bunne tubali biyu a toka,
su sha zafi, in naɗe su a tsohuwar riga,
ɗaya nawa, ɗaya na Ilu.
Shi ya fi son ruwan zafi a jarka,
yana rungume ta kamar jikarsa.
Mun shimfiɗa kwali da katako a ƙasa,
mun sayo barguna wurin 'yan gwanjo a Sabon Gari,
nawa yana warin wata ƙasa da ban sani ba.
Janareta kuwa mun kore shi nesa,
ya je can ya yi ta tarinsa.

Kafin in kwanta nakan yayyafa wa toka ruwa,
in tsaya sai ta daina tsaki.

Jiya cikin dare iska ta shigo ta taga,
ta taɓa mini kunne da yatsa mai sanyi.
Ilu ya juya, ya ce cikin magagi,
"Jatau, a buɗe take?"
Na ce a buɗe take.
Ya ja bargo, ya koma minshari,
ni kuma na kwanta ina sauraronsa.