Darasin Niyya

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta shi a allo,
har alli ya san hanya ba sai na ja shi ba:
wanda ake zargi ba mai laifi ba ne
sai kotu ta faɗa.
Ɗalibai ɗari uku, fanka ɗaya, ita ma ta mutu.
Hamajoda kaɗai ke ɗaga hannu:
"Malam, ka taɓa ganin haka a Marwa da idonka?"
Nakan ce ya buɗe shafi na arba'in.

Ran Alhamis ina ɗakin ajiyar kotu,
inda gara ta riga ni karanta shari'u.
Ga wani, wata talatin a tsare kan tunkiya,
tunkiyar kuwa ta koma gida da ƙafarta,
ta haihu sau uku, shi yana jiran alƙali.
Na ƙirga irinsa ɗari biyu da bakwai,
na jera su a littafi mai baƙin bango,
na ce da su zan hau kujerar farfesa.

Asabar, bakin gadar Kaliyawo,
hannu ya fizge jakar, da littafin a ciki.
Ban san ina da murya irin wannan ba.
"Ɓarawo!"
Masu babur suka juyo, masu albasa suka bar albasa.
Kafin jandarma su iso
an kwantar da wani a kan yashin rafi.
Na kutsa. Takalmina ya sami haƙarƙarinsa
sau biyu.
Na farko, a ce zafin zuciya.
Na biyun, sai da na gyara tsayuwa.

Da aka birkito shi, babu jaka.
Riga dai shuɗiya ce, kamar ta wancan.
Ya ce sunansa Njidda, kura yake turawa.
Aka jefa shi a bayan mota,
ban bi su na ce komai ba.

Yau Talata, darasin niyya:
yadda doka ke raba hannun da ya zame
da hannun da ya auna.
Na goge takalmin tun asuba, na sake gogewa.
Hamajoda na layin gaba, bai ɗaga hannu ba.
A Domayo yake, ta gadar yake wucewa kullum.

Na ce kowa ya buɗe shafi na sittin da biyu.
Ya buɗe.
Ba shafin yake kallo ba.