Wayar Da Aka Kawo Mini Ranar Laraba

A rumfata ta Fam Santa,
inda nake feɗe waya kamar mahauci,
wani yaro ya zo bayan La'asar,
da rigar makaranta, jaka a kafaɗa ɗaya.
Ya ajiye waya kan gilashi,
ya ce, "Sa... sa... sayarwa zan yi."

Tun bai kai ƙarshen kalmar ba
na gane shi.

Shi ne yaron muhawarar nan
da harshensa ya sarƙe a gaban taro,
ya tsaya cak kan harafi ɗaya
kamar adaidaita ta mutu a gadar Ƙofar Nassarawa,
na baya suna ta oda.
Wani ya ɗauka daga kujerar ƙarshe,
ya ɗora masa kukan akuya.
Kwana biyu, Kano ta gama kallo.
Ni ma na kalla.
Na yi dariya har na ƙware da shayi,
na tura wa mutum goma sha ɗaya.

Na ce, "Ai lafiyarta ƙalau. Me ya yi zafi?"
Bai amsa ba. Wayar ce ta amsa,
ta yi ƙara, ta haska, ta kuma,
saƙo na bin saƙo kamar an taɓo gidan rina:
Ɗan akuya.
Me-e-e.
Da ni ne kai, da na bar garin.
Wani har da kwatancen layinsu a Ɗorayi.

Na tambayi sunansa don rasit.
Sai ya karɓi biro, ya rubuta: Zaharaddini.
Ya juya takardar, ya ci gaba,
don ya daina magana sai ta kama dole:
sati uku ke nan yana fita da safe
ya zauna gindin dalbejiya har a tashi.
Mahaifiyarsa na zaton shawara ce ta ramar da shi,
kullum tana tafasa masa saiwa.

Na iya canja gilashin da ya tsage.
Na iya tayar da wayar da ta kwana a kwata.
Wannan kam
duk cikin akwatina babu abin kwance shi.

Kakata kan ce magana zarar bunu ce.
Ba ta ga namu zamanin ba,
da bunun ke fitowa da wuta a baki,
kowa ya miƙa wa na kusa yana dariya.

Na biya shi fiye da yadda ya yi tsammani,
na kashe wayar, na jefa ta aljihun tebur.
Ya ƙirga kuɗin sau biyu,
ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Na gode."
Sumul ta fito, ko gargada babu.

Na buɗe baki in ce masa,
ni ma ina cikinsu,
ka yafe mini.

Har ya ɓace cikin masu tallan caja
harshena bai motsa ba.