Nawa?

Malam Dung ya rubuta ta da guntun alli,
ranar Talata, ruwan Agusta na dukan kwanon aji:
kwantam.
Muka yi tsuru-tsuru kamar an kira sunan aljani.
Ya kaɗe hannu, ya ce mu saki jiki.
"Tsohuwar kalma ce ta Rumawa,
daga Latin, harshen da ya mutu ya bar magada.
Ba ta nufin komai sai nawa.
Nawa ne? Ina iyakar yawansa?"

Dariya ta kuɓuce mini.
Nawa!
Kalmar da na buɗi ido na tarar
a Farin Gada, gaban daron Inna Dela,
inda ake yi mata ita sau ɗari kafin azahar,
wasu don su saya, wasu don su ji.

Malam ya ce in tashi in faɗi abin dariya.
Na ce, acca Innata ke sayarwa.
Ya ce, madalla, zauna, ka kawo mana darasi.
In an juye mudu, acca malala take kamar ruwa,
ido ya rantse babu tsakani.
Sa hannu ka ji:
ƙwaya ce, ƙwaya ce, ƙwaya.

Shekara ɗari da ɗoriya ke nan, in ji shi,
wani masani a Jamus ya tasa hasken abu mai zafi a gaba,
lissafi ya ƙi ci, ya ƙi cinyewa,
sai da ya ce, to, a ƙaddara
makamashi ba kwarara yake kamar kunu ba,
ƙulli-ƙulli yake fita,
ko ɗaya, ko biyu, ko babu.
Rabin ƙulli? Ba a sayarwa.
Shi kansa bai ji daɗin abin ba,
amma ciniki ya faɗa.

Da yamma na bi ta Dilimi.
Kawu Tsalha na bakin zuga,
ƙarfe ya yi ja, ya koma ruwan ɗorawa,
yana neman fari.
Na ce, Kawu, wannan jan da kake gani
a ƙirge yake isowa idonka.
Bai ɗago ba.
Ya ce, wanda ya ƙirga ya zo ya riƙe mini awartaki.

Inna kuwa tana ɗaure buhu na iso.
Na ce, ashe kimiyya kike yi tun ban zo duniya ba.
Ta tsince ƙwaya uku daga gefen zane,
ta mayar cikin daro,
ta ce, nawa suke biya?

Yau da dare an kawo wuta a Unguwar Rogo.
Na tara tafin hannu ƙarƙashin ƙwan fitila,
sanyin Jos na cizon yatsu,
haske na zuba, na zuba,
ban ji nauyin ko ƙwaya ɗaya ba.
Na rufe hannu duk da haka.