Tattasai a Kan Dogo

Ƙarfe biyar da rabi nake tsallake layin dogo,
ba na duba gabas, ba na duba yamma,
na san ba abin da ke tafe.
Barira ta shanya tattasai a kan ƙarfen tun jiya,
ta ce ya fi tabarma riƙe zafi.

Sai jiran faba-faba a bakin Talaje.
Ta farko ta wuce, yaron mota na lilo a ƙofa.
Ta biyu ta haɗiye mu, mu goma sha tara:
gwiwata cikin buhun albasar wani,
jaririn wata yana jiƙa mini mayafi.
Alzuma ba ya tashi sai an cika,
ba ya tsayawa sai an buga masa rufi.

Daren jiya Sallau ya miƙo mini waya.
Inna, dubi jirgin ƙasar Sin.
Fari fat, baki dogo kamar na zalɓe,
wani ya tsayar da kwabo a bakin taga
kuma kwabon bai faɗi ba.
Ya ƙirga da yatsu, ya ce da irinsa
daga Yamai zuwa Tawa sa'a biyu ce.
Na ci gaba da tsince shinkafa.
Ban gaya masa ba.
Ranar da aka ce jikin Baba ya tsananta
motar asuba na kama.
Doso, Dogon Dutsi,
taya ta fashe kafin Ƙonni,
na iske maza sun dawo daga maƙabarta
suna wanke ƙafa a ƙofar gida.

Yanzu ga mu a cunkoson Wadata.
Dama da hagu manyan motoci,
kowace da mutum ɗaya a cikinta,
gilashi a rufe, sanyinsa nasa shi kaɗai.
Alzuma ya tofar ta taga, ya ce:
a garin nan in ba ka da makulli a hannu
ko sallamarka ba ta da nauyi.
Muka yi dariya, har da ni,
ni da ke zubin adashi wata na bakwai
don in sayi babur in huta da gwiwar mutane.
Sallau ma ba tikitin jirgi yake tara wa kuɗi ba,
takardar tuƙi yake so.

Na isa asibiti bakwai ta gota.
Wata ta riga ni aiki:
ta haihu a bayan taksi, a tsakiyar gada,
direban yana tsaye, ya rasa inda zai sa idonsa.
Na yanke cibi, na sa hannu a rajista.

Da magariba Barira ta kwashe tattasanta.
Na tsaya ɗaure takalmi,
na dafa ƙarfen.
Da ɗumi,
kamar yanzu wani abu ya wuce.