Turken Jirgi

Kwana uku da fara hutu, gida ya yi mana kaɗan.
Ukasha ya mai da falo filin dambe,
Zinatu ta karance bayan kowane kwalin madara,
uwarsu ta ce, ko ku fita ko ni in fita.

Sai muka ɗauki jirgin ƙasa zuwa Liverpool,
da lema biyu, ɗaya mai karyayyen haƙarƙari,
da dambun nama a tsohuwar robar man shanu,
da Goggo Hajjo, surukata, baƙuwar wata shida,
wadda babban ruwan da ta sani a duniya
shi ne gulbin garinsu, in damina ta yi albarka.

A ƙofar gidan tarihin jirage
wani baƙin ƙarfe ya kwanta, ya kai raƙumi,
hannu biyu a lanƙwashe, sarƙa a wuya.
Zinatu ta ce, Baba, me ake ce masa da Hausa?
Na buɗe baki, na laluba,
na tarar harshena ɗan tudu ne:
ya san jigawa, ya san fadama, ya san fako,
bai taɓa jiƙa ƙafa a teku ba.
Goggo ta zagaya shi sau ɗaya, ta dafa sarƙar.
Wannan ai turke ne, in ji ta. Turken jirgi.
Ko dabbar ruwa ce, in ba a ɗaure ba
gonar wani za ta shiga.

Ciki kuwa jirage ne a gilashi, ƙanana kamar fara.
Ukasha ya kama sitiyarin katako
yana ba iska umarni da Turancin unguwarmu.
Can gefe wani tsoho mai farin gira
yana koya wa yara ƙulla igiya.
Kafin ya gama bayani Goggo ta ƙulla, ta ja, ta miƙa.
Ya yi dariya: a wane jirgi kika yi aiki?
Na fassara. Ta gyara mayafi:
Gaya masa rijiya ce, gaba goma sha biyu,
kuma guga bai taɓa kuɓuce mini ba.

A jikin wani bango, jerin kayan da aka sauke a nan:
auduga, manja, gyaɗa, fatu.
Ta sa na maimaita na ƙarshen.
Mahaifinta jar fatar akuya yake sayarwa,
kullum ya ce za a kai ƙetare,
ita kuma tana yarinya ta ɗauka sunan gari ne.
Ta leƙa taga, ruwan toka, sararin toka.
Ashe nan ne Ƙetaren, ta ce. Ba shi da ko inuwa.

Sai wani ɗaki inda kowa ke rage murya.
Ƙarafa biyu, daidai idon sawu.
Zinatu ta karanta da kanta, a hankali,
ba ta tambaye ni sunansa ba.
Wannan kam harshena ya san shi.
Mari. Na faɗa mata duk da haka.

Waje, yayyafi. Muka buɗe dambu a kan benci,
wani farin tsuntsu, shirwar Turawa,
ya fizge rabon Ukasha daga hannu.
Yaro ya yi kuka, Goggo ta ce sadaka ce,
ya ce shi bai yi niyya ba.

A jirgin komawa takalma duk sun jiƙe.
Goggo na gyangyaɗi, saura mako biyar ta tafi.
Na ga Zinatu ta kamo bakin mayafinta
ta ɗaura a wuyan hannunta, ƙullin guga,
ta ja sau biyu don ta tabbata,
sannan ta yi barci.